Suwaiba da Harshen Mama Lucia

Suwaiba Garba 'yar Funtua ce. Shekararta arba'in da bakwai, goma sha uku daga ciki a Greensboro ta yi su, a wani ƙaramin gidan haya na katako da ke unguwar Glenwood. Mijinta Zubair direban babbar mota ne, yakan yi kwana goma a hanya ya dawo ya yi uku a gida. 'Yarsu ɗaya ce, Khairiyya, tana aji biyu a jami'ar da ke bayan layinsu, da ƙafa take zuwa. Ita kuwa Suwaiba aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Ta yi musu wanka, ta sa musu kaya, ta ba su abinci, ta tuna musu lokacin magani, ta zauna kusa don kada su faɗi.

Duk wanda ya san ta ba zai ce matsoraciya ba ce. Tsofaffi biyu sun cika hannunsu na cikin nata. Ta taɓa tuƙa tsohuwar motarta cikin ƙanƙara, rana da ko motar haya ba ta fito ba, don kada wani dattijo ya wuni da yunwa. Abu ɗaya take tsoro, shi ne jarrabawa.

A shekarar da ta gama sakandare tana cikin biyar na farko a ajinsu. Ranar takardar Turanci ta shiga ɗakin jarrabawa da komai a kanta, aka ce a fara, ta buɗe takarda, sai ta ga baƙaƙen kamar ba ta taɓa ganin irinsu ba. Awa biyu da rabi ta zauna, sunanta kaɗai ta rubuta. Washegari ma haka, jibi ma haka. Da sakamako ya fito mahaifinta ya duba, ya ninke takardar huɗu, ya sa a aljihun gaba, har ya bar duniya bai taɓa yi mata maganar ba. Ta koyi ɗinki, ta yi aure, ta biyo miji Amurka. A nan ma lasin tuƙi sai a karo na uku ta samu, takardar aikin kula da tsofaffi ma haka. Takardar zama 'yar ƙasa kuwa har yau ba ta nema ba, tunda aka ce mata akwai wanda zai zaunar da ita ya yi mata tambayoyi.

Tsohuwar da kowa ke kira Mama Lucia ta shigo hannunta shekara uku da suka wuce. 'Yar Meziko ce, ta zo ƙasar nan tun da ƙarfinta, ta yi shekara ashirin da wani abu a masaƙar safa. Tana zaune a gidan 'yarta Prisca a Pleasant Garden, kudu da gari, inda kowane gida ke tsakiyar filinsa, maƙwabci ba ya jin kiran maƙwabci. Prisca na aiki a wani asibitin haƙori, ta fita bakwai na safe sai biyar na yamma. Tsakanin nan daga Suwaiba sai tsohuwa sai agogon bango.

Da farko da Turanci suke hira, irin na waɗanda suka koye shi da girma, kowacce da inda harshenta ke karyewa, suna kuma fahimtar juna sarai. Sai ciwon mantuwa ya fara cin tsohuwar, abin da ya fara ɗauka kuma Turancin ne. Yau kalma ta ɓace, gobe jimla, cikin shekara guda ba abin da ya rage a bakinta sai Sifaniyancin da ta tashi da shi. Suwaiba ba ta damu sosai ba. Ta san tsohuwar ciki da waje, ta san tarinta na ƙishirwa da tarinta na neman a kula ta. Ta kuma tsinci kalmomi kamar goma: "agua" ruwa, "leche" madara, "baño" banɗaki, "frío" sanyi. Ta ɗauka sun ishe su.

Wata Talata cikin Fabrairu, ta idar da azahar ke nan a falo, ta ji tsohuwar na kira. Ta same ta a kujerarta ta bakin taga tana maimaita magana guda, murya ƙasa-ƙasa. Kalmar ƙarshe ta yi wa Suwaiba kama da "leche". Ta shiga kicin ta ɗumama madara ta kawo. Tsohuwar ta ture kofin. Suwaiba ta ce ƙila ya yi zafi ne, ta koma ta sirka da mai sanyi, ta sake kawowa. Wannan karon turewar ta yi ƙarfi har madarar ta zube a bargo.

"Haba Mama," in ji Suwaiba da Hausa, "ke fa kika ce madara."

Ta ɗauke bargon ta kai injin wanki, ta ɗauko wani a sama, ta dawo. Sai da ta sunkuya tana lulluɓa mata shi ta ga gumi a goshin tsohuwar, a gidan da ita kanta take sanye da rigar sanyi. Leɓɓanta sun yi toka-toka. Hannunta na dama ya damƙe gaban rigarta tun ɗazu, Suwaiba ta gani, ta ɗauka sanyi ne.

Ta kira lambar gaggawa. Cikin waɗanda suka zo da motar asibiti akwai wata matashiya mai jin harshen. Ta durƙusa, ta saurara sau ɗaya, ta ce da abokin aikinta, "Ƙirjinta ke ciwo." Sannan ta juyo wajen Suwaiba. "Tun yaushe take faɗin haka?"

Suwaiba ta ɗaga kai ta kalli agogon bango. Minti arba'in.

"Pecho" tsohuwar ke cewa, ƙirji. Ba "leche" ba.

Ciwon zuciya ne, ta kuma tashi, bayan kwana tara a asibiti. Suwaiba ba ta ɓoye komai ba. A barandar asibitin ta gaya wa Prisca zancen kofi biyun nan da bargon, tana magana tana kallon takalmanta. Prisca ta yi kuka ta rungume ta. Amma Prisca na da wa a Texas, shi kuma da ya ji labari cewa ya yi a canza mai kula. Aka turo wata mata mai jin Sifaniyanci. Mama Lucia ta rufe bakinta gam, kwana biyu ba ta ci abinci ba, sai kallon ƙofa. Dole aka dawo da Suwaiba, sai dai wan ya sa sharaɗi, Prisca kuma ta isar da shi cikin jin nauyi: ta koyi harshen a makaranta, ta kawo takarda kafin shekara ta ƙare, in ba haka ba a kai tsohuwar gidan kula da tsofaffi kusa da shi.

Suwaiba ta ce, "To." Da ta fita ta shiga mota ta riƙe sitiyari, ta daɗe ba ta tayar ba. Ta san abin da ke gaban kowace takarda.

Tun daga ranar gidan ya canza mata. Ko nishi tsohuwar ta yi, gaban Suwaiba sai ya faɗi. In ta yi doguwar magana, Suwaiba ta tsura mata ido tana neman ciwo a fuskarta, ta taɓa goshi, ta taɓa hannu, ta nuna ƙirji tana tambaya da ido. Wani lokaci tsohuwar labarin wata akuya ce ta ƙuruciyarta take bayarwa, kamar yadda Prisca ke fassarawa in ta dawo. Amma Suwaiba ba ta da yadda za ta bambance labarin akuya da kiran mutuwa.

A watan Agusta ta shiga ajin masu fara koyo a wata kwaleji da ke karɓar manya da yamma, Talata da Alhamis, ƙarfe shida. Su ashirin da biyu ne, yawancinsu sa'annin Khairiyya. Malamarsu, Malama Ortega, gajeriyar mace ce mai furfura, 'yar Kolombiya, ba ta ɗaga murya. Suwaiba ta zaɓi kujerar baya, kusa da ƙofa.

Wani abin ya zo mata da sauƙi. Ranar da aka ce kowane suna a harshen ko namiji ne ko mace, yaran suka yi ta ƙorafi, wai ta yaya tebur zai zama mace. Ita ba ta ga abin mamaki ba, ai a Hausa ma kujera mace ce, gado namiji. Inda aka samu matsala shi ne harsunan biyu ba su yi shawara da juna ba. Rana da ta sani mace, a can "el sol" ne, namiji. Wata ya koma mace. Hannu ma mace. Sai ga wasu kalmomi biyu, "ser" da "estar", ɗaya ta abin da mutum yake a asalinsa, ɗaya ta halin da yake ciki yanzu, in ka musanya su sai ka ce wa mai jin gundura shi ne mai gundurar mutane. Sai kuma abin da ya fi ba ta tsoro, ɗan ɗigon da ake ɗora wa harafi: "hablo" ina magana, "habló" ya yi magana. Ƙaramin abu kamar ƙwayar gero ya mai da kai wani, ya mai da yau jiya.

Aikin gida ba ta taɓa fashi ba, kuma kusan kullum cikakken maki take samu. A gwajin tsakiyar zango, cikin Oktoba, ta ci hamsin da huɗu. Da safen ranar duk amsoshin suna kanta.

Malama Ortega ta tsayar da ita bayan aji. "Na san kin iya, ina ganin aikinki. Amma ba ni da ikon ba ki makin da ba ki rubuta ba. A jarrabawar ƙarshe sai kin kai saba'in. Kashi biyu ce, akwai rubutu, akwai kuma minti biyar na magana, ni da ke kaɗai."

Mako biyu kafin ranar, Suwaiba ta fara bita. Ta yayyanka kwali ƙanana-ƙanana, gefe ɗaya Sifaniyanci, ɗaya gefen Hausa, ta tara su a gwangwanin biskit da a da take zuba zare da allura. Akwai na gaɓoɓin jiki, na abinci, na kayan ɗaki, na ranakun mako, na ƙidaya, da wani tari mai kauri na kalmomin aiki masu bauɗewa in an koma da su baya. Bayan asuba ta yi awa ɗaya a teburin kicin. In Mama Lucia ta yi barcin rana ta ƙara wata. Ran Asabar da Lahadi Khairiyya ke riƙe katunan, ita ba ta jin Sifaniyanci, Hausarta ma sai a hankali, ta karanta gefen Hausar da ƙyar uwar ta ba da amsa.

"Saba'in."

"Sesenta."

Khairiyya ta juya katin. "A'a, Mama. Wannan sittin ne. Setenta."

"Setenta. Setenta." Suwaiba ta dafe goshi. "Jiya ma haka na yi."

"Mama, guda arba'in kin ci a jere," in ji Khairiyya da Turanci. "Ɗaya kika faɗi."

"Ɗaya na faɗi a Fabrairu."

Khairiyya ta ɗauki kati na gaba.

Abinci ya daina shiga. Zubair ya bugo daga wani wurin hutawar direbobi a Tennessee, ya ji muryarta ya gane.

"Maman Khairiyya, ke da kika haddace izu goma sha biyar kina yarinya, wannan ne zai gagare ki? In ma kin faɗi, ai sai a sake."

"Baban Khairiyya, ba sakewa. Disamba aka ce. In na faɗi Texas za su kai ta, wurin da ba ta san kowa ba. Ba za ta ci abinci ba. Na san ba za ta ci ba."

Ya ce zai sa ta a addu'a, ya kuma ce ta sha ko kunu ne.

Jarrabawar ranar Alhamis ce. Ran Talata da rana Suwaiba na ɗakin wanki a gidan Prisca ta ji wayar gidan na ƙara, kafin ta tsame hannu ƙarar ta tsaya. Da ta fito ta tarar da Mama Lucia riƙe da kan wayar a cinya, layin ya katse, hawaye na bin kumatunta.

"Mi hijo," in ji tsohuwar. Wannan Suwaiba ta sani, ɗana. Sai wata kalma ta biyo baya cikin kuka, ta fara da "mu", ta ƙare da wannan "o" mai ɗigo na abin da ya riga ya faru. A safiyar ranar Suwaiba ta bi ta kan katin sau biyar: "murió", ya mutu.

Ta durƙusa ta kama hannuwan tsohuwar. "¿Murió?"

"Sí, sí," in ji tsohuwar tana gyaɗa kai, kukan ya ƙaru.

Suwaiba ta yi salati. Wannan karon ba za ta ɓata minti arba'in ba. Ta kira Prisca a wurin aiki.

"Prisca, ki samu wuri ki zauna. An bugo waya gida, Mama ta ɗauka. Ta ce wanki ya rasu."

Ta ji ihun, ta ji wayar ta faɗi, ta ji muryoyin mutane suna tambayar me ya faru. Layin ya mutu. Suwaiba ta zauna a ƙasa kusa da kujerar tsohuwar tana shafa mata ƙafa. Bayan minti goma wayarta ta yi ƙara. Muryar Prisca ta dushe, ba fushi a cikinta, ba komai.

"Yana nan da ransa. Shi ne ma ya bugo. Gida ya canza, ya koma wani gari, yana gaya mata. Se mudó, Suwaiba. Ya yi ƙaura."

Suwaiba ta juya ta kalli Mama Lucia.

"Ya tambaye ni wa ya ce ya mutu," in ji Prisca. "Na gaya masa."

Da yamma Prisca ta dawo idanunta a kumbure. Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye jaka, ta sumbaci uwarta, ta tsaya a ƙofar kicin. "Na san alheri kike nufi. Amma minti goman nan ba zan so wa kowa su ba." Ta ƙara da cewa, "Jibi ne jarrabawar, ko? Wana ya ce yana jira."

Suwaiba ba ta je aji ba ranar, darasin bita na ƙarshe ya wuce ta. Ta koma Glenwood, ta rufe gwangwanin biskit ta tura shi saman firji. Wata huɗu tana karatu, ga inda ya kai ta. Da can ba ta ji, ta kusa kashe tsohuwa. Yanzu tana jin rabi, ta kashe mai rai. Ran Laraba ta rubuta wa ofishin kamfanin da take wa aiki saƙo cewa a nemi wata ta karɓi gidan Pleasant Garden. Ta karanta shi sau da yawa, ba ta aika ba, ba ta kuma goge ba.

Khairiyya ta dawo daga makaranta ta ga gwangwanin a saman firji. Ta sauko da shi ta ajiye a tebur. Uwar ta mayar. Yarinyar ta tattaro duk Hausar da take da ita.

"Mama, ki je. Ko kin faɗi, ki je ki faɗi a can. Kar ki faɗi a kicin."

"Ba ki san abin da kike faɗa ba."

"Na sani. Ni ma ina yin fainal."

"Naki fainal ɗin ba ya kashe kowa."

Ran Alhamis ta tafi aiki ba tare da katunan ba. Wajen ƙarfe goma tana taje wa Mama Lucia kai, ta kai hannu tana gyara mata gashin bayan kunne, sai tsohuwar ta kama yatsunta ta riƙe.

"Tienes las manos frías, hija. ¿Estás enferma?"

Hannuwanki da sanyi, 'yata. Ba ki da lafiya ne? Suwaiba ta ji maganar gaba ɗaya, a lokaci guda, ba ta bi ta Turanci ba, ba ta bi ta kati ba.

"No, Mama. Estoy cansada." Na gaji ne.

Tsohuwar ta sa hannun Suwaiba tsakanin tafukanta tana murzawa, tana gunaguni, irin na uwa ga 'yar da ta fita ba mayafi. Sauran maganar Suwaiba ba ta kama ba. Tsoron bai tafi ba. Amma da Prisca ta shigo ƙarfe huɗu, awa guda kafin lokacinta, ta ce, "Na dawo da wuri don kada ki makara," Suwaiba ta ɗauki makullinta ta fita.

Titin Wendover a cike yake da masu sayayyar ƙarshen shekara, motoci na tafiya taku-taku. Sau biyu ta ga hanyar da za ta karkata ta koma gida. Ta isa da sauran minti ashirin, ta yi magariba a wani lungu na ɗakin karatu, ta daɗe a sujada ta ƙarshe.

Aka raba takardu. Ta buɗe, sai abin nan ya zo, kamar yadda ta san zai zo. Baƙaƙen suka zama zane. Kunnuwanta suka toshe, ba ta jin komai sai bugun zuciyarta da ƙarar biron yarinyar da ke gabanta. Minti goma suka wuce, sha biyar. Wani saurayi har ya juya shafi na biyu. Biron ya zame daga yatsunta don gumi, ya faɗi ƙasa, ta sunkuya ta ɗauka, a can ƙasan tebur ta ja numfashi uku. Da ta ɗago ta sa tafin hannu ta rufe duk shafin, ta bar layi ɗaya tak. An bar gurbi, ana so a sa "ser" ko "estar". Jimlar ita ce: miyar tana da zafi. Ta tambayi kanta da Hausa, a hankali, leɓɓanta na motsi: asalinta ne ko halin da take ciki? Ta rubuta "está". Ta ja hannun ƙasa kaɗan, layi na biyu ya fito.

Haka ta bi takardar. Da aka ce a ajiye biro, tambaya shida na shafin ƙarshe ba ta kai gare su ba.

Sai jira a baranda, ana kiran su ɗaya bayan ɗaya. Ita ce ta goma sha tara. Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya, kujera biyu, katuna a kife. Malama Ortega ta ce ta zaɓi ɗaya. Ta juya: ki kwatanta gidanku.

Ta san wannan. Kicin, taga, ƙofa, gado, duk suna cikin gwangwani. Ta nemi ko ɗaya ta rasa. Malamar ta danna agogo ta naɗe hannu. Suwaiba na kallon daƙiƙoƙin suna tafiya, talatin, hamsin, minti ɗaya da rabi. Ta ji ƙafafunta na shirin tashi da kansu.

"Tengo miedo," ta ji bakinta ya ce. Ina jin tsoro.

Malamar ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma koma Turanci ba. "¿De qué?" Tsoron me?

Suwaiba ta kalli teburin. Kalmomin suka fara fitowa ɗai-ɗai, kamar ana ciro su daga rijiya. Ta ce tana aiki da wata mata. Matar tsohuwa ce. Ba ta da lafiya. Tana da kirki. Matar tana magana, ita ba ta ganewa. Wata rana matar ta ce ƙirji, ita ta kawo madara. Ta so ta ce sau biyu, kalmar ta ɓace, ta ɗaga yatsu biyu. Ta ce shekaranjiya ta ce wani mutum ya mutu, mutumin bai mutu ba. A tsakiya "wallahi" ta kuɓuce mata, ta kuma san ta ɓata aƙalla kalmomin aiki uku. Malamar na rubutu ba ta ɗago ba. Agogon ya yi ƙara tana tsakiyar jimla.

"Gracias, señora," in ji Malama Ortega. "Ki turo na gaba."

Kwana shida sakamakon bai fito ba, kwana shida tana zuwa Pleasant Garden tana kallon tsohuwar kamar mai bankwana. Ran na bakwai Khairiyya ta buɗe shafin makarantar a kwamfutarta, don uwar ta ce ita ba za ta iya dubawa ba, ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Saba'in da biyu, Mama."

A ƙasa malamar ta rubuta layi biyu. Ta ce ta rage maki don ba a kwatanta gida ba, ko ɗaki ɗaya. Ta ce amma "ser" da "estar" sau biyar suka fito a bakin Suwaiba, kuma duk a wurinsu.

Suwaiba ba ta yi guɗa ba. Ta ajiye ludayin, ta zauna a ƙasan kicin ta jingina da firji, ta daɗe a nan, har sai da Khairiyya ta tsorata ta kawo mata ruwa. Prisca ta tura wa wanta hoton sakamakon. Amsarsa kalma ɗaya ce, ya ce to.

Mama Lucia ta ƙara wata huɗu a kujerarta ta bakin taga. Cikin Afrilu ciwon huhu ya kama ta, ta rasu a asibiti, Prisca na gefenta. Aka yi mata addu'a a wani cocin Katolika, duk da Sifaniyanci. Suwaiba ta je, ta zauna a bencin ƙarshe da hijabinta ruwan toka. Cikin kalma biyar tana kama ɗaya: uwa, aiki, hannu, 'ya'ya, hutu. Wan Prisca ya zo daga Texas, dogo ne mai kama da tsohuwar a ido. Ya tsaya gabanta a bakin ƙofa, ya sa hannu a ƙirji ya ɗan rusuna, ya wuce.

Tana neman makullin mota wata mata mai kimanin shekara hamsin ta tare ta, ta yi magana da sauri. Suwaiba ta ce ta maimaita a hankali, wannan jimlar ta iya ta sosai. Matar ta maimaita. Ke ce kika kula da ita? Suwaiba ta ce ita ce. Matar ta ce mahaifinta na da shekara tamanin da ɗaya, ya faɗi sau biyu a wata guda, ba ya jin Turanci ko kaɗan, masu kula uku sun gudu don faɗansa. Prisca ce ta ce a nemi Suwaiba.

"Kaɗan nake ji," in ji Suwaiba. "Kaɗan ƙwarai. Ina yin kuskure. Manya."

Matar ta ce Prisca ta gaya mata duka.

Ran Litinin ta sama ofishinsu ya turo mata adireshin, wani rukunin gidajen bene a bayan manyan kantunan Wendover, hawa na biyu. Ta hau matakalar a hankali. Tun kafin ta kai ƙofar take jin muryar dattijon daga ciki, mai kauri, mai sauri, yana yi wa wani faɗa ko yana kiran wani, ba ta iya bambancewa ba. Lafazinsa ba irin na Mama Lucia ba ne, yana haɗiye ƙarshen kalmomi. Ta tsaya ta kasa kunne, ba ta kama ko ɗaya ba. Ta goge tafin hannunta a jikin riga, ta yi bisimilla, ta ƙwanƙwasa.